Sujadar yamma da muryoyin maza a Ingila: waƙar Sumsion da yadda na same ta

A manyan majami'un Angilikan na Ingila akwai ranakun da yara mawaƙa suke hutu, sai manyan maza kaɗai su riƙe sujadar yamma, su da mai kaɗa ogan, wato babbar na'urar kiɗan nan mai bututu. Na halarci irin wannan sujada a wata tsohuwar majami'a, kuma na shiga da tunanin cewa rabin abu zan ji, tun da muryoyin sama ba sa nan. Na fito da wani ra'ayi dabam.

Tsarin sujadar ya samo asali ne daga littafin addu'a na 1549, wanda Thomas Cranmer, Babban Bishop na Canterbury a lokacin, ya shirya, inda ya haɗa addu'o'in yamma biyu na dā suka zama ɗaya. Shi ya sa ake rera waƙoƙi biyu daga Bisharar Luka: waƙar Maryamu a sura 1, aya 46 zuwa 55, da waƙar tsoho Saminu a sura 2, aya 29 zuwa 32. A ranar an rera su da kiɗan Herbert Sumsion, wanda ya yi aikin kaɗa ogan a babbar majami'ar Gloucester daga 1928 zuwa 1967, kuma ya tsara wannan kiɗa domin muryoyi uku na maza, wato alto (ta sama), teno (ta tsakiya) da bas (ta ƙasa, mai kauri).

Waƙar Saminu ce ta fi kama ni. Maganar dattijo ce wanda ya daɗe yana jira, ya rungumi jariri Yesu a Haikali, ya roƙi Ubangiji ya sallame shi lafiya, kuma idan ta fito daga bakin manyan maza, muryoyinsu kusa da juna, babu wata siririyar murya da ke shawagi a samansu, sai mutum ya ji kamar dattijon ne da kansa yake magana. Sumsion bai cika ta da ado ba. Kiɗan yana tafiya a hankali, ogan yana tallafe da muryoyin daga ƙasa, kuma kowace kalma tana isa kunne kafin amsa-kuwwar ginin ta haɗiye ta. Mutumin da ya yi kusan shekara arba'in yana aiki a cikin gini mai dogon amo ya san inda zai bar sarari, kuma ana jin wannan sani a rubutunsa.

Waƙar Maryamu kuwa ta ɗan rasa wani abu, kuma gaskiya ce da bai kamata a ɓoye ba. Murnar budurwa ce, mai son haske, kuma ko da yake maza masu alto suna iya ƙoƙarinsu, ba su kai tsinin muryar yara ba. Amma a wurin da ake maganar saukar da masu iko daga gadajensu, nauyin bas ya biya bashin. Akwai kuma haɗari ɗaya a irin wannan tsari: muryoyin maza da ogan suna zaune a matakin sauti guda, saboda haka idan mai kiɗan ya saki hannu zai binne mawaƙan. A ƙarshen waƙar farko an kusa kai wa nan.

Shiga kyauta ce, domin ibada ce, kuma ba ta kai awa ɗaya ba. Majami'un suna buga jerin kiɗan mako a shafukansu na intanet, inda ake nuna ranar da maza kaɗai za su yi waƙa. Wanda zai je ya isa da wuri ya nemi kujera a sashen mawaƙa, kusa da su, domin daga can baya kalmomin suna narkewa cikin amo.