Ƙaramar Tirelar Kwana a Daji: Yadda Ake Yi Mata Murfi a Amurka

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya yaran shago? Ga bayanin aikin murfin ƙaramar tirela a nan Amurka da ka ce in kawo maka dalla-dalla.

Abin da suke kira tirela a nan ba irin tamu ba ce mai ɗaukar siminti. Wata 'yar amalanke ce ta ƙarfe mai taya biyu da mota ke ja, ƙafa 4 a faɗi, 6 ko 8 a tsawo, ana kwasar shara ko katako da ita. Tsohuwarta ake saya a shafin saye da sayarwa na Craigslist ko Facebook, a gyara ta don shiga daji a jihohi irin su Yuta da Arizona, inda hukumar BLM mai kula da filayen gwamnati ta yarda mutum ya kafa tanti kyauta har kwana 14 a yawancin filayenta. Wasu kuma tsohuwar tirelar soja M416 suke nema, sai dai ta yi tsada yanzu.

Bambancin nan da gida ɗaya ne babba: a nan kaya na da sauƙin samu, aikin hannu ne ke da tsada. Mai walda da awa ake biyan sa, awa ɗaya kan kai dala ɗari. Abin da yaranka za su gama kafin la'asar a Panteka, a nan ya isa ya fi kuɗin tirelar kanta. Shi ya sa kowa ke sayen ɗan injin walda ya yi a garejinsa, gwani da ɗan koyo. Amma wajen kaya, gaskiya sun fi mu tsari. Kowane boris da lambarsa, ka rubuta ta a intanet a kawo maka har ƙofa. Babu ɗaukar tsoho a zaga Ƙofar Ruwa ana gwadawa.

Daga ƙasa ake farawa. A kankare tsatsar firam, a duba inda sandar ja ta haɗu da jiki, don nan ne ke fara tsagewa a hanya mai gargada. Aksil ɗin asali ana cire shi a sa mai ɗaukar laba 3,500, wajen kilo 1,590, wanda ramukan kusoshinsa suka yi daidai da na motar da za ta ja, ta yadda safayar taya ɗaya za ta ishe su duka. Tayoyin inci 12 su tafi, a sa na inci 15 ko 16. Idan aka mayar da aksil ƙarƙashin sifirin, jiki kan ɗagu da wajen inci 4. Kuskuren da ake yawan yi shi ne sa sifirin mai tauri sosai a tirelar da nauyinta bai kai rabin laba 3,500 ɗin nan ba. Sai ta riƙa tsalle kamar ɗan akuya, ƙwai ya fashe, noti ya kwance.

Murfin ne aikinka, kuma nan ake gane hannu.

Ga tirela mai ƙafa 4 da 6, ana haɗa firam da faif mai kusurwa huɗu na inci 1, mai kaurin geji 14 (geji ma'aunin kaurin ƙarfe ne), da sanduna uku a tsakiya. Faif ƙafa 32 ke nan, kilo 15. Idan aka rufe da fallen ƙarfe geji 16, an ƙara kilo 27, murfi ya tashi 42. Alminiyom mai kaurin milimita 1.6 kilo 10 kacal zai ƙara, amma ba ya walduwa da ƙarfe, sai ribit, kuma dole a sa fenti ko roba tsakaninsu, in ba haka ba danshi zai sa alminiyom ɗin ya ci kansa a wurin haɗin. Wanda zai ɗora tanti a sama, mai kilo 55 zuwa 70 ban da masu kwana a ciki, ya ƙara girman faif zuwa inci ɗaya da rabi, ƙafafun tantin su zauna a kan sanduna, ba a kan falle ba.

Kada a ja walda doguwa a kan falle. Zafi zai murɗe shi, murfi ya koma kamar faifai, kusurwa ɗaya ta ƙi zama. Ɗigo ake yi na inci 1, a bar inci 5, a tsallaka ɗaya gefen, a jira ya huce. Ratar da ta rage a cike ta da gam ɗin jikin mota. A auna kusurwa zuwa kusurwa kafin walda da bayanta. In awon biyu bai zo ɗaya ba, firam ya karkace. A bar leɓe na inci 1 ya sauko ya rufe bakin jiki, tsakiya kuma ta ɗan fi gefe tudu don ruwa ya gangare.

Hinji uku masu kauri a gefe mai tsawo. Abin ɗaga murfi kuwa irin na but ɗin mota ne mai iskar gas, guda biyu, an rubuta ƙarfin kowanne a jikinsa. A nan za ka zaɓi ƙarfin da kake so daidai. A gida sai abin da ka samu a jikin motar da aka yanka. Ka sani yana tura hinji ko da murfi na rufe, don haka a ƙara filet inda zai zauna. Kuma a saye shi bayan an ɗora tanti an auna, don wanda ya ɗaga murfi tsirara ba zai riƙe shi da tanti ba, kuma sanyi na rage masa ƙarfi. Murfi mai kilo ɗari a kan yatsu ba wasa ba ne, a sa sandar tokare ko da gas ɗin sabo ne.

Ƙura ta fi ruwa wuyar tsarewa. Tirela na tafiya cikin ƙurar motar da ke jan ta, 'yar kafa kamar ta allura ta isa ka buɗe ka tarar shinkafa ta yi ja. Robar bakin ƙofar mota ake zagayawa da ita, a haɗa bakinta a gefen hinji, a sa makullai huɗu masu daidaituwa da za su matse ta kamar kashi ɗaya cikin uku. In aka matse ta gaba ɗaya, ta mutu da wuri. Wannan dabarar za ta yi wa akwatunan bayan Hilux amfani a lokacin hunturu.

Wajen lodi, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyi ya sauka a kan mahaɗar mota. Jarkar ruwa a gaban aksil, ba a baya ba, in ba haka ba tirela ta riƙa wutsiya a kan kwalta. Sannan takarda: yawancin jihohi sai an yi mata rajista da lamba, fitilun birki da sigina suna aiki, a Kalifoniya kuma irin wannan in ta kai laba 1,500 sai da birkinta.

Ka auna mini kaurin faif ɗin inci 1 da ake sayarwa yanzu a wajenku. In bai kai milimita 2 ba, sanduna huɗu za ka sa a tsakiya maimakon uku. A gaida su Inna.