Ofisoshin zanen gini da ke nemo izinin gyaran gaban gida a Kano: inda suka yi, da inda suka gaza

Fenti, filasta ko sauya ƙyaure ba su cika jawo magana ba. Rigima tana tashi ne ranar da aka fasa katanga za a fitar da shaguna, ko za a ɗora bene, ko a turo baranda ta leƙo titi. Duk waɗannan sai da izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha. Wanda ya yi gaban kansa, jan fenti zai tarar a bango da umarnin dakatar da aiki, ga siminti an riga an sauke yana daskarewa.

Ofisoshin masu zanen gini kan karɓi aikin dungurungum: awo, zane, haɗa fayil, da bibiya har izini ya fito. A wajen takardu sun cancanci kuɗinsu. Sun san fayil yana buƙatar shaidar mallaka, taswirar filin, zanen gidan yadda yake da yadda zai koma, da hatimin mai zane mai rajistar ARCON, hukumar rajistar masu zanen gini ta ƙasa. In bene ne, dole a haɗa da lissafin injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi. Mai gida a awon igiya, ko gidan gado a cikin birni da ba shi da komai sai takardar ciniki, ofishin kirki zai gaya masa tun farko cewa maganar takarda a KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jiha, ita ce gaba, kafin a zana ko layi ɗaya.

Inda ake bambanta na gari da na banza shi ne zuwa wurin. Na gari zai zo da tef ya auna daga bakin kwata zuwa katanga, ya ɗaga kai ya duba wayar wuta, domin babban layin wuta mai ƙarfin 11kV ko 33kV yana buƙatar tazarar mita 5.5 ta kowane gefe, kuma baranda ce ta fi cin wannan tazarar. Zai sa a tona gefen harsashi a gani da ido. Gidan da aka gina da bulo mai inci 6, babu ginshiƙai, ba zai ɗauki dekin ba, komai kyan zanen. Wanda ya zana daga hoton waya kuwa, zanensa zai saɓa da abin da jami'in dubawa zai tarar, fayil ya dawo.

Babbar gazawarsu shaguna ce. Da yawa suna shigar da ita a matsayin gyara, alhali mayar da gidan zama wurin kasuwanci sauya manufar fili ne, kuma izininsa daban. Haka kuma ba su cika jan kunnen mai gida kan ƙananan abubuwa ba: tudun shigar mota da ya toshe kwata, sokawe a waje, tagar bene mai kallon tsakar gidan maƙwabci. Wannan ta ƙarshe, kafin ma hukuma ta ji, mai unguwa ya ji.

A nemi masu zanen su raba ladan aikinsu da kuɗin gwamnati a rubuce, a kuma karɓi rasit da zanen da hukuma ta buga wa hatimi. A ajiye kwafi ɗaya a hannun birkila har ranar da za a kwance katako.