Kafin ka biya kuɗin esi a Kaduna, zagaya ka ga na waje

Da zarar Maris ya kama, rana ta fara gasa kwano, sai shagunan kayan wuta na titin Ahmadu Bello da na kasuwar Sheikh Abubakar Gumi su cika da masu tambayar kuɗin esi. Yawancinmu farin akwatin da ake maƙalawa a bango muke shafawa, muna juya rimot. Wannan kuwa fanka ce da bututu da raga. Kuɗinka na cikin wanda ake ajiyewa a waje, inda kwamfireso yake. Shi ke matsa gas ya zagaya, ya kwaso zafin ɗaki ya watsar a tsakar gida.

Kwamfireso iri biyu ne. Na da, ya tashi da duk ƙarfinsa, ɗaki ya yi sanyi ya tsaya, can ya sake tashi. Kowane tashi sai ya fizgi wuta ninkin-ba-ninkin abin da yake ci in yana tafiya, shi ya sa kwan fitila ke lumshewa, ƙaramin janareta ya yi gurnani ya mutu. Mai inbata kuwa a hankali yake ɗagawa, in sanyi ya kama sai ya rage gudu, ba ya tsayawa. Mai sola ko janareta, da wanda ke layin Band A na masu samun wuta mafi yawa, inda hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta kai yunit naira 225 a Afrilun 2024, mai inbata ya fi masa ko da ya ɗara tsada.

Sai dai yana da lagonsa. Akwai allon lantarki a cikinsa, kuma wutar da ke hawa da sauka ita ce ajalinsa. In ya ƙone, ba kowane mai gyara ke iya masa ba. Na da kuwa sau da yawa kafasita ce ke mutuwa, wata aba kamar ƙaramin gwangwani, a sauya ta kafin ka gama shan shayi. In unguwarku ana fama da raunin wuta, sa kuɗin sitabilaiza cikin lissafi tun a gida.

Girma ba abin dogon zance ba ne. Mai 1HP yana ba da kusan BTU 9,000 (BTU ma'aunin ƙarfin sanyayawa ne), ya ishi ɗakin kwana. Mai 1.5HP kusan 12,000, mai 2HP kusan 18,000, na falo. Ɗakin da ke ƙarƙashin kwano kai tsaye, ko mai tagar da ke kallon yamma, ƙara masa mataki ɗaya.

Masu zuwa Panteka neman na hannu, ku karanta takardar da ke manne a jikin na wajen. In an rubuta R22, tsohon gas ne da ke lalata rufin ozon mai kare duniya daga cutarwar hasken rana, kuma yarjejeniyar Montreal ta 1987 da gyare-gyarenta sun sa ƙasashe irin namu su bar shi nan da 2030. Sababbi R410A ko R32 suke sha. Ba a zuba wani a madadin wani, don matsinsu da man kwamfiresonsu ba ɗaya ba ne. Ni dai ba zan sayi mai R22 yau ba, komai arha.

Inda aka fi cutuwa shi ne ranar ɗaurawa. Bututun da ke haɗa na ciki da na waje ya zama jan ƙarfe tsantsa. Akwai na alminiyam da aka yi wa baki da jan ƙarfe, an lulluɓe tsakiyar da soso, ba ka gani sai ya fara yoyo. Zame soson ka duba. Kuma dole a zuƙe iskar cikin bututun da famfo kafin a saki gas, don laimar da ta rage a ciki tana cin kwamfireso sannu a hankali. Wanda ya ɗaura min na farko, da na tambaye shi famfon, dariya ya yi: "Haba Alhaji, ai ɗan fesar da gas muke yi ya kore ta." Na biye masa. Damina biyu esin ya yi.

Wanda aljihunsa bai kai ba, akwai fanka mai ruwa. A busasshen zafin Maris tana aiki sosai, wutar da take ci kaɗan ce. Amma da ruwan sama ya sauka iska ta jiƙe, sai ta koma fanka kawai, ta ƙara wa ɗaki danshi.

Esi mai hura ɗumi kuma, ban ga dalilinsa a garin nan ba. Sanyin Disamba da Janairu bargo da hitar ruwan wanka sun ishe shi. Abin da hunturu ke yi wa esi ƙura ce. Saboda haka a shago ka ce a buɗe maka murfin na cikin, ka zaro ragar da hannunka. In sai da sukundireba take fita, ba za ka riƙa wanke ta ba, nemi wani.