Batirin sola: lithium ko tubular?

Ɗan'uwa, tunda tsakanin batirin tubular, wato mai ruwan asid, da na lithium kake tambaya, ni dai lithium zan ce ka saya, ko da sai ka ƙara haƙuri kuɗin sun cika.

Farantan sola da rana kaɗai suke kawo wuta, wutar kuma DC ce, inbata ke mayar da ita AC irin wadda fanka da firji ke sha. Daga magariba zuwa wayewar gari, gidan gaba ɗaya a wuyan batir yake. Tubular mai 12V 200Ah a takarda yana riƙe kusan 2.4kWh, amma rabi ne naka. In kullum kana zuƙe shi fiye da haka, ba zai yi ƙarko ba. Lithium irin LiFePO4 mai 24V 100Ah kusan wutar ɗaya ce, sai dai kana iya cin kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, yana saurin cika, kuma yana jure caji da sauka sau dubbai.

Azumin da ya faɗo cikin zafi, Hajiyarmu tana wajena tana jinya. Fanka ta kwana a kanta har sahur, firji bai tsaya ba, da la'asar yaran maƙwabta na zuwa da kwanuka a ba su ƙanƙarar buɗe-baki. Da asuba nakan leƙa allon inbata in tarar da sauran caji. Wallahi albarkar da tsohuwar nan ta sa min kaɗai ta biya ni kuɗin batirin lithium ɗin da na saya.

Tubular kuwa yana da sauƙin kuɗi, yana kuma aiki, in za ka iya da zuba masa ruwan batir da warin asid. Nawa zafin bazara ya gama da shi.

Abin da ba ka tambaya ba: akwai marasa tsoron Allah da ke cusa tsofaffin ƙwayoyin batir cikin sabon akwati, su manna masa 200Ah. Kada ka biya sai an tabbatar maka lithium ɗin yana da BMS, wato na'urar da ke cikinsa mai kare shi daga caji ko zuƙewa fiye da kima, an kuma ba ka rasit da garanti a rubuce. In mai Bluetooth ne, a buɗe shi a waya a gabanka ka ga sau nawa aka taɓa caja shi. Ka tafi da mai haɗa maka sola, kada ka dogara da yaron shago, ya kuma duba ko inbatarka tana da saitin lithium kafin ka fitar da ko sisi.