Holan da Najeriya: ƙasar da ake aunawa da mita da wadda ake nunawa da hannu

'Yan uwa na gida, musamman manoman albasa na Wurno da Goronyo da Kware, assalamu alaikum. Tambayar da ta fi yawa daga wajenku ita ce yadda aka yi albasar Holan, wata ƙasa a Turai, ke isa kasuwannin Afirka ta Yamma, alhali ana cewa ƙasar 'yar ƙarama ce. To, ƙarama ce da gaske.

Faɗin Najeriya murabba'in kilomita 923,768 ne. Holan, har da tabkunanta da kogunanta, ba ta wuce kimanin 41,500 ba, wato sai an jera irinta 22 kafin a cika Najeriya. In aka cire ruwa, tudun da ya rage wajen 33,500 ne. Jihar Neja kaɗai ta kusa ninka ta. Daga kudancin Holan zuwa arewacinta bai kai tafiyar Sakkwato zuwa Zariya ba. A cikin wannan ɗan fili mutum wajen miliyan 18 ke zaune, fiye da rabinsa kuma gona ne da makiyaya, ga shi tana sahun gaba a duniya wajen sayar da kayan gona waje. Sai dai a lura, wani ɓangare na kayan nan shigowa yake yi ta tashar jiragen ruwa ta Rotterdam, a sarrafa shi, a sake fitar da shi.

Abin da ya raba mu da su tun farko ruwa ne. Mu nemansa muke yi, su korarsa suke yi. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar ya fi teku gangare. A 1932 suka gama wata madatsa mai tsawon kilomita 32 da ta datse wani reshen teku, suka riƙa zuƙe ruwan da ke bayanta har gindin teku ya koma gona, aka yi lardin Flevoland a 1986. Albasa da dankalin da ake taƙama da su, da yawa a nan ake noma su. Sun kuma ɗanɗana kuɗarsu: ambaliyar 1953 ta ci rai sama da 1,800.

A ƙarƙashin gona, zurfin mita ɗaya ko kusa da haka, an binne bututun roba mai ƙananan huji, layi-layi, tazarar kamar mita 10. Bututun na zubarwa cikin lambatun gefen gona, lambatu ya kai babbar magudana, inji ya ɗaga ruwan zuwa kogi. Akwai hukumomin ruwa 21 a ƙasar, jama'a ke zaɓen wakilansu, kowane gida da kowace gona na biyan harajinsu. Mai gona dole ya yashe lambatun da ke iyakarsa, ana zagayowa dubawa, wanda ya bar nasa ya toshe a yashe masa a kawo masa lissafi. Wannan ne wurin da nake so mu tsaya. Dam ɗin Goronyo, da aka gama a 1984, an gina shi ya riƙe ruwa mita cubic miliyan 942. Ruwa ba shi ne matsalarmu ba a kwarin Rima. Matsalar tana tsakanin babbar magudana da fangalin manomi: yashi ya cike hanya, kacalla ta rufe ta, ƙofar ruwa ta yi tsatsa, na farkon layi ya sha har gonarsa ta jiƙe fiye da kima, na ƙarshe ya koma sayen fetur yana jan ruwa da inji. Yasar magudana aikin gayya ne da ƙungiyar masu ban ruwa za ta iya sa wa rana kafin a dasa.

Sai maganar iyaka. Kowane fili a Holan yana da lamba da taswira a ofishin rajistar filaye, kowa na iya biyan 'yan kuɗi ya ga mai shi da girmansa. Tun 1924 suke da dokar musayar gonaki, inda mai guntaye biyar a warwatse zai karɓi guda ɗaya dunƙulalliya mai daraja daidai da nasa. Mu kuwa gona na raguwa da kowane rabon gado, iyaka gamba ce ko itacen da wata rana za a sare, burtali kuma ana cinye shi kunya-kunya har shanu su rasa ta bi. Rabon gado hakki ne na shari'a, ba a taɓa shi. Amma magada na iya sanin rabonsu a rubuce su bar gonar a haɗe, su noma tare ko su ba ɗaya haya.

Albasar kanta, a Holan a watan Maris zuwa Afrilu ake shuka iri kai tsaye da inji, ba dashe, a cire a Agusta da Satumba. Hekta na ba da tan 40 zuwa 50 a shekara mai kyau. Ba sa maimaita albasa a fili ɗaya sai bayan shekara shida ko fiye, saboda cutar ruɓar saiwa na daɗewa cikin ƙasa. Bayan cira a bar ta ta sha iska a gona, sannan a kai sito inda fanka ke hura iska mai ɗumi ta ƙarƙashi har wuyan ya bushe ƙamas, daga nan a riƙa sauke zafin sannu a hankali. Haka take kaiwa bazara, ana fitar da ita a buhu mai kilo 25. Abin da ke ruɓar da tamu a rudu sananne ne: yuriya da yawa a ƙarshen noma, ban ruwa har dab da cira, yanke ganye tun wuya na ɗanye, tsibi mai zurfi da iska ba ta ratsawa, sai ruwan farko ya yoyo ta jinka. A tsai da ban ruwa kamar mako biyu kafin cira, a bar wuya mai tsawon yatsa biyu, a ɗaga gadon rudu daga ƙasa, a ware duk wadda ta ji rauni. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar lantarki.

Kada kuma a ɗauka komai nasu lafiya lau ne. Hekta ɗaya ta gona ta haura Yuro 70,000, a Flevoland ma ta ninka haka, don haka saurayin da bai gaji gona ba da wuya ya shiga noma. Shanun da ke ba da madarar da muka sani a gwangwanin Peak, saniya ɗaya na ba da lita wajen 9,000 a shekara, amma kashinsu ya fi ƙarfin ƙasar. Takin da manominmu ke saye a amalanke, a Holan mai shanu ke biya a kwashe masa. A 2019 babbar kotu ta rushe tsarin gwamnati na ba da izini kan wannan gurɓata, manoma suka fito da taraktoci kan tituna, har yau ana ja-in-ja kan rage dabbobi. Wuraren da aka tsotse ruwa daga ƙasa mai laka kuma suna nutsewa kaɗan-kaɗan kowace shekara, sai an ƙara ƙarfin inji ana ƙara tsayin ganuwar ruwa.