Gashin ƙashi bayan gocewar kafaɗa: ma'aikaciya ɗaya ce ta fitar da wannan cibiya kunya

Kafaɗata ta dama ta goce ne a wajen atisayen judo. Abokin karawata ya kayar da ni, na tokare ƙasa da hannu a miƙe, sai na ji ƙas. A asibiti aka mayar da ita, hoton ƙashi bai nuna karaya ba, na rataye hannu mako 3, sannan aka turo ni wannan cibiya. Zama 12 na biya.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne zama na 9. Wanda ya saba duba ni bai zo ba, aka haɗa ni da wata ma'aikaciya. Na shiga da takardar da ya riga ya sa wa hannu cewa zan iya komawa tabarma mako mai zuwa, raina fes. Ta karanta, ta ajiye, ta ce in kwanta rigingine a bakin gado. Ta ɗaga hannuna gefe daidai kafaɗa, ta lanƙwasa gwiwar hannun, ta shiga juya shi baya a hankali kamar mai shirin jifa. Wallahi ban san lokacin da na zabura na riƙe hannunta ba. Ba zafi na ji ba, ji na yi ƙashin zai sake fita. Sai ta sa tafinta ta danne gaban kafaɗar ta sake juyawa, tsoron ya tafi gaba ɗaya.

"Malam, ƙarfi ya dawo, amma abin da ke riƙe ƙashin bai warke ba," in ji ta. "Da wannan kafaɗar ba za ka shiga karawa ba."

Na ce, "Likita, ai roba mafi tauri nake ja yanzu."

Ta ɗauko ƙashin roba na koyarwa ta nuna mini. Gurbin kafaɗa ba shi da zurfi, wani zoben guringuntsi ne a bakinsa ke taya shi riƙe kan ƙashin hannu. Idan kafaɗa ta fita ta gaba, wanda shi ne mafi yawa, sau da dama zoben nan yakan ɓalle, shi ake kira raunin Bankat, kuma hoton ƙashi ba ya nuna shi, sai MRI, wato hoton da ke nuna tsoka da guringuntsi. Tsokoki 4 da nake ta ƙarfafawa suna taimako, amma ba sa ɗinke abin da ya yage. Ta tambayi shekaruna, na ce 23. Ta ce a masu shekaruna da ke wasan gwabzawa, fiye da rabi kafaɗar na sake gocewa idan ba a gyara ba, kuma kowace fita tana iya cinye bakin ƙashin. Minti 40 ta yi da ni. Allah Ya saka mata da alheri, ranar na fita ina cewa babu cibiyar da ta kai wannan.

Sai da na kwana na fara lissafi, raina ya ɓaci. Zama 8 fa na yi kafin ita! Ma'aikacin farkon, da na shiga sai ya ɗora mini abin ɗumi, ya manna wayoyin lantarki, ya ja labule ya tafi. Gwajin da bai kai minti 2 ba, bai taɓa yi mini shi ba. Na gaya masa fatar gefen damtsena ta yi kamar an shafa mata ƙanƙara tun ranar da na ji ciwon, ya ce zai wuce. Ita ce ta bayyana mini akwai jijiyar da ke zagaye wuyan ƙashin wadda gocewa kan ja, ta gwada wurin, ta rubuta a fayil. Kuma wannan mutumin ne ya sa hannu in koma a riƙa kayar da ni. Da ya zo aiki ranar, da yanzu wani labari nake bayarwa.

MRI ya tabbatar da maganarta. Likitan tiyata ya shimfiɗa mini zaɓi: in ci gaba da motsa jiki kaɗai in haƙura da judo, ko a ɗinke zoben ta ƙananan huji da kyamara, ko kuma aikin Latarje, wanda wani likitan Faransa ya fito da shi a 1954, inda ake ciro ɗan ƙashi daga gaban allon kafaɗa a dasa a bakin gurbin. Tunda ƙashina bai cinye ba, ɗinkin na zaɓa, kuma an ce in sa ran wata 6 kafin karawa.

Tauraro 5 na yi niyyar ba cibiyar, 2 zan bayar, kuma duka nata ne. Na kai ƙorafi a rubuce kan waccan takardar, an ce za a kira ni. Yau mako 5 ke nan, takardar tana nan cikin jakata da sa hannunsa, wayata ba ta yi ƙara ba.