Wata huɗu ina zuwa ajin ɗinkin simokin a Reading, ga yadda wajen yake

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun ranar da na saka hoton rigar da na yi wa autata ake ta tambayata wai a ina na saya, to wallahi ba saya na yi ba, da hannuna na ɗinka, kuma a wata ƙungiyar mata masu ɗinkin hannu na koya, nan garin Reading da muke zaune a Ingila. Wata huɗu kenan ina zuwa duk Talata, shi ya sa na ce bari dai in zauna in rubuta yadda wajen yake, da mai daɗin da marar daɗin, ko akwai wacce take ƙasar nan tana fama da zaman kaɗaici a gida kamar yadda na yi kusan shekara guda.

Simokin suke ce masa. Kun san rigunan 'yan yara mata ɗin nan masu tattara a ƙirji, da aka bi kan tattarar da zare mai kala aka fitar da ado, irin wanda ake yawan gani a jikin Gimbiya Charlotte ta gidan sarautar Birtaniya tun tana ƙarama? To shi ne. Ni da can na ɗauka roba ake sakawa a ciki, ashe babu roba ko ɗaya, zaren da ninkin ne kawai suke sa wajen ya buɗe ya koma.

A allon sanarwa na laburare na ga takardarsu. Wani ɗakin taro na unguwa suke haya, mu kamar goma sha biyar ne in an cika, kuma kusan dukkansu sun yi jika da ni. Ranar farko na shiga da hijabina gabana na faɗuwa, sai wata tsohuwa mai farin gashi ta taso ta ja min kujera kusa da ita, ita ce mai koyar da sababbi. Ta faɗa min sunanta ta ce haka zan dinga kiranta, na kasa wallahi, ya za a yi in kira sa'ar kakata da suna gatsal? Na ce mata a wajenmu ba a haka, Mama zan ce. Ta yi murmushi ta ce ta karɓa, yanzu har sauran ma in za su turo ni wajenta cewa suke je ki wajen Mamanki.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su bari ki taɓa inji sai kin iya da hannu. Ƙyalle ta ba ni mai ƙananan murabba'ai fari da shuɗi, ta ce layin jikin yadin shi ne ma'auninki. Za ki bi ta baya kina tsinto ƙyallen da allura kaɗan-kaɗan, tazara iri ɗaya, layi bayan layi, in kin gama sai ki ja zaren gaba ɗaya, ƙyallen ya tattaru ya jeru tsaf kamar haƙoran mataji. A kan waɗannan ninkin ake yin adon. Zaren ado na kamfanin DMC muke amfani da shi, mai sili shida, a raba a ɗauki uku, kuma allurar ba ta nutsewa, saman ninkin kawai take ɗauka, kamar kashi ɗaya cikin uku na zurfinsa. Akwai wanda zaren ke hawa sama ya sauko ƙasa kamar tufkar igiya, akwai mai kama da igiyar ruwa, akwai saƙar zuma wanda ya fi kowanne buɗewa. In an gama sai a turara da tururin ayan, ba a dannewa, a zare zaren farkon nan a yar, shi ke nan adon ne ya riƙe tattarar. Yana cin yadi fa, faɗin da kike so sai kin yanka ninkinsa uku, in ƙirjin rigar inci 10 ne to ki tanadi inci 30.

Layina na farko sau huɗu Mama ta sa na warware. Ba faɗa, ba tsaki, sai dai ta ɗauki ƙyallen ta ja shi da yatsu biyu ta nuna min bai motsa ba, ta ce kin shaƙe shi, yarinya ba za ta iya numfashi a ciki ba. A na biyar ɗin ta ɗora hannunta a kan nawa muka ja zaren tare don in ji daidai inda ake tsayawa, hannun duk ya tanƙware da ciwon gaɓɓai amma ko rawa ba ya yi in ta riƙe allura. Wannan kam babu bidiyon YouTube ɗin da zai ba ki shi, na kalli sun fi ashirin kafin in je ban gane komai ba. Kuma a lokacin ne Innarmu ta faɗo min, haka take zama a tsakar gida bayan la'asar da hular da aka kawo mata an riga an zana, tana cike ƙananan idanun nan ɗaya bayan ɗaya har sati uku huɗu, ni kuwa ban taɓa zama na koya ba. Sai da na share hawaye a ɓoye ranar.

Su ne ma suka ce in je gidan tarihin rayuwar karkara na jami'ar Reading, wanda ake kira MERL, an kafa shi a 1951, kuma shiga kyauta ne. Suna da tarin tsofaffin rigunan simokin, kuma abin mamaki ba na yara ba ne, na maza ne ƙarti, manoma da makiyayan tumaki da masu tuƙa keken doki na ƙarni na 18 da na 19. Yadin lilin ne mai kauri, an yanka shi murabba'i-murabba'i babu lanƙwasa babu asarar ƙyalle, ni dai taguwa da babbar riga ya tuna min. Tattarar a ƙirji da baya da wuyan hannu take, don mutum ya iya sunkuyawa ya ɗaga kaya ba tare da rigar ta yage ba, tunda lokacin da aka faro ɗinkin babu roba. Da injinan noma suka shigo rigar ta zama haɗari don tana iya maƙalewa, ga kayan kamfani masu araha, sai maza suka bar ta, shaguna irin su Liberty na Landan suka ɗauko ɗinkin a wajejen 1880 zuwa sama suka mayar da shi kan kayan mata da yara.

To yanzu abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Na farko lokaci, ƙarfe goma na safe zuwa ɗaya ranar aiki, duk mai aiki ko ɗaliba an riga an cire ta, sannan su zauna suna kukan matasa ba sa zuwa. Na faɗa musu a gabansu, suka ce kuɗin hayar ɗakin da yamma ya fi tsada kuma yawancinsu ba sa tuƙi da dare, na fahimta amma dai ko Asabar ɗaya a wata ai za ta yi. Ba wajen ajiye yara kuma, allurai ko'ina, ni sai da autar ta shiga makaranta na samu dama. Takardun da suke rabawa an yi ta kwafarsu har zanen ya dushe, sai kin ƙura ido. Da sanyi ɗakin kamar firij, yatsu su ƙage.

Babbar matsalar ita ce injin tattara. Ɗan ƙaramin inji ne na juyawa da hannu, mai sandunan tagulla masu haƙora da jerin lanƙwasassun allurai, a Afirka ta Kudu aka fara ƙera irinsa a shekarun 1950, aikin kwana biyu yake yi a minti goma. Guda ɗaya tal gare su, na yi sati uku ina jiran layi. Da layin ya zo kaina na kawo atamfa sabuwa dal, ina so rigar ta zama tamu, babu wacce ta ce min komai, muna fara juyawa sai ji muka yi ƙas, allura biyu sun karye. Ni na biya kuɗinsu, ban ƙi ba, amma da an duba yadin tun farko ai da ba a kai nan ba. Atamfa ta yi tauri, sai an wanke ta sitacin ya fita sarai, kuma ko an wanke in zanenta manya ne tattarar cinye shi take, ba ki ganin fure ba ki ganin komai. Abin da ya yi min daga baya shi ne farin yadin auduga mai laushi a sama, na ɗauko kalolin zaren daga jikin atamfar, ita kuma na sa ta a bakin rigar da ɗamara.

Kuɗi ba wani abu ba ne, fam biyar nake bayarwa duk zama har da shayi, zare da ƙyalle naki ne. Kek ɗin da suke kawowa ki dinga tambaya, wani ana zuba giya a ciki, tun da na faɗa sau ɗaya yanzu da kansu suke nuna min wanda zan ci. Da sanyi azahar tana shiga muna can, sun ba ni wani ɗan ɗaki da suke ajiye kujeru, babu wacce ta taɓa ɗaga min gira.

Akwai kuma wani kwando a gefe da ban gane ba sai daga baya, 'yan riguna ne farare ƙanana, wasu tsawonsu bai wuce tafin hannuna da kaɗan ba. Na bakwaini ne da jariran da suka zo babu rai, kyauta suke kai wa asibiti. Babbar ƙungiyar masu simokin ta Amurka, SAGA, da aka kafa a 1979, tana da irin wannan shirin mai suna Wee Care. Mu dai likkafani muka sani, amma na ga yadda suke yin shiru in suna ɗinka su, na karɓi ɗaya ni ma ina kan yi, ta bakwaini.

In da maki zan bayar takwas cikin goma ne, biyun lokaci da injin nan suka cinye. In kina da safiyar da ba kya komai kuma kina da haƙurin warwara, ki duba allon laburaren garinku, ki tafi da gilashinki in kina sawa da rigar sanyi mai kauri. Rigar autar sati bakwai ta ɗauke ni, Mama ta ce in bar ninki mai faɗi a ƙasa don ƙirjin zai bi jikinta yana buɗewa, tsawon kawai zan dinga saki. Na yi alkawarin in mun je gida hutu zan kawo mata hula ɗinkin hannu, tun da na nuna mata hoton ta Abban yara take tambayata wai da gaske da allura aka cike ta duka.